Zaryar Gusau a Kan Dokar Haƙori

Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, likitocin haƙorin jihar gaba ɗaya mota guda ke ɗaukarmu, har da sauran wuri. Ni aka tura Ƙaura Namoda. Daga nan har Shinkafi da Zurmi, duk wanda haƙori ya matsa wa, ko ya zo wurina ko ya nufi kasuwa.

Kasuwa aka fi zuwa. Akwai masu cire haƙori da ke bin kasuwanni da tabarma da filaya da kwalba cike da haƙoran da suka ciccire, don talla. Filaya ɗaya ce ke shiga bakin kowa, iyaka a goge ta da tsumma. Ni kuwa ɓarnar ce ke iso ni: guntun saiwa da aka bari cikin dasashi, jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin da ya kai wuya.

Muna da 'yar ƙungiyarmu ta likitocin haƙori. Shugabanmu dattijo ne da ke aiki a Gusau, shi ya koya mini riƙon kayan aiki tun a Sakkwato, Baba nake ce masa. Da soja suka sauka aka kafa majalisar dokoki, sai ya tara mu ya ce dama ta samu. Abu biyu muka tsayar: doka da za ta hana wanda ba shi da horo taɓa bakin mutane, da kuma kujerar aikin haƙori a Shinkafi da Zurmi. Da yake ɓarnar ta fi yawa a yankina, aka ce ni zan riƙa raka shi.

Sai muka faɗo daidai lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a. Mu ma mun yi murna kamar kowa. Amma majalisa ta cika maƙil da aikin kotuna da zakka da sauran manyan dokoki, harabar kullum cike da malamai da baƙi da 'yan jarida. In muka ce maganar haƙori ta kawo mu, sai a yi murmushi a ce mu ɗan dakata. Nakan rufe ɗakin aikina da safe, in bar mutane riƙe da kunci, in hau mota zuwa Gusau, in wuni a kan benci, in dawo da la'asar ba mu ga kowa ba. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta mu. Akawun kwamitin lafiya ma har ruwa yake sa a kawo mana. Kawai dai layinmu ba ya zuwa.

Cikin wannan zarya aka kawo mini wani manomi daga Katuru, magidanci, a bayan babur. An cire masa turmi, wato haƙorin tauna, a kasuwar Shinkafi, rabi ya karye a ciki, fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Na tsaga wurin na matse mugunya, ya daɗe kwance kafin ya tashi. Ya rayu, amma bakinsa bai sake buɗewa sosai ba, tuwo ma sai an sassauta masa.

Baba ya ce takarda ba ta motsa su ba, ƙila ganin mutum ya motsa su. Na roƙi manomin ya bi mu.

Ya ce, "Likita, ni mi za ni ce musu? Ban iya maganar manya ba."

Na ce, "Malam, abin da ya same ka kawai za ka faɗa."

Ranar da muka kai shi aka ɗage zaman. Kaka ce, dawarsa na jiran yanka. Kunya ta hana ni kallonsa a mota. Da aka sa wata rana ban aika masa ba. Ina isa tasha da safe na tarar da shi zaune, ya sa rigarsa ta Juma'a. Wani ne ya gaya masa.

A ranar muka samu shiga gaban kwamitin lafiya. Baba ya yi bayani a tsanake, ya nuna hotuna. Wani malami da kwamitin ya gayyata ya ce ai a fiƙihu duk wanda ya yi wa mutum aikin da bai iya ba har ya cutar da shi, alhakin na wuyansa, alƙali na iya kama shi, don haka bai ga buƙatar sabuwar doka ba. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, haka ne. Amma alƙali sai an yi ɓarna yake shigowa. Mu so muke kada a kai ga ɓarnar."

Sai wani ɗan majalisa daga yankinmu ya juyo gare ni. "Likita, ku nawa ne tsakanin Ƙaura da bakin iyaka?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, ranka ya daɗe."

"To in mun hana waɗannan mutane yau, tsohuwa a ƙauyen Zurmi haƙori ya hana ta barci, ina za ta?"

Na ce shi ya sa muka haɗa da maganar kujeru da ma'aikata. Ya ce wannan kuma maganar kasafi ce, ba ta wannan zama ba.

Aka ba manomin dama. Ya miƙe, maganar na fita da ƙyar ta tsakanin haƙora. "Ranku shi daɗe, ni ban zo ƙarar kowa ba. Ran da anka cire min shi, kwana nawa ban runtsa ba. Da akwai likita Shinkafi, da can ni tahi." Ya zauna. Shugaban kwamiti ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya gode mana, ya ce za a duba.

Da muka fito Baba ya raka mu har tasha. Ya dafa ni ya ce, "Aƙalla sun ji."

Mun ci gaba da zuwa. Daftarin dokar ya je ma'aikatar shari'a ya dawo, aka ce a gyara wani sashe, muka gyara. Aka sauya shugaban kwamiti, muka sake bayani daga farko. Har wa'adin majalisar ya ƙare ba a karanta shi a zaure ba. Abin da ya fito shi ne umarni ga ƙananan hukumomi cewa a riƙa gargaɗin masu cire haƙori su tafasa kayansu. Wasu sun bi na ɗan lokaci. Abokan aikinmu biyu suka samu aiki a wasu jihohi suka tafi. Baba ya yi ritaya, idonsa ya fara rauni, shugabancin ya faɗo kaina don ba wanda ya rage ya karɓa.

Kujera ɗaya ta iso daga baya, aka kai ta wani ƙaramin asibiti a yankin Zurmi, ba tare da wanda zai yi aiki da ita ba. Sai na ɗauki ranar kasuwa na mayar ta ranar zuwana can. Ina ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, da risho don tafasa su, in wuni a tsaye. Shinkafi kuwa ban iya haɗawa ba, jiki ɗaya gare ni.

Wata rana da yamma, bayana ya riƙe har ba na iya sunkuyawa, na fito na ce wa sauran masu jira su yi haƙuri. Wata dattijuwa da ta zo da ƙafa daga ƙauye ta tashi ta karkaɗe zaninta, ba ta yi ƙorafi ba.

Ta ce, "Ɗana, kana dawowa ran kasuwa mai zuwa?"

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna. Ki zo da wuri, da ke zan fara."