Wendell da Kwalbar Ramin Salga

Wendell Tibbets bai taɓa kurɓar giyar wuski ba, amma shekara arba'in ya yi yana tonon tsofaffin ramukan salga a jihar Nevada ta Amurka don neman tsofaffin kwalaben giya, inda mashayan zamanin da suke jefa kwalabe kada matansu su gani.

Ranar da ya samo kwalbar da ya daɗe yana mafarkin samu, mai rubutu a jikin gilashinta, ramin ya rufta da shi har wuya, sai hannun da ke riƙe da ita a sama. Matarsa Lorna ta rugo da shebur.

"Karɓi kwalbar tukuna, Lorna!"

"Kai fa, tsohon banza?"

"Irina sun cika gari, irinta uku ne a duniya."

Lorna ta karɓa, ta kai gida, ta sha kofi, sannan ta dawo.