Motar Kaka da Masassaƙin Jirgi Ya Gyara

Duk ranar da na bi ta bakin ruwa na ji warin kwalta ana dafawa don liƙe jirgi, sai motar kakanmu ta faɗo mini a rai. Wataƙila ba ka taɓa ganin irinta ba. Gabanta ƙarfe ne, daga kujerar direba zuwa baya kuwa duk katako. Da ita Kaka yake kwaso mutane da kwandunan bandar kifi daga Wara zuwa Yelwa ranar kasuwa. Mu jikoki can baya ake zuba mu. Idan rani ya yi, katakon ya bushe, sai ta riƙa kuka kamar tsohon gado, ni kuwa ina riƙe da zanen Inna ina jiran ta wargaje. Tun ina yaro ni mai fargaba ne.

Da Kaka ya rasu ta yi shekaru a gindin tsamiya, kaji suna ƙwai a cikinta. Bara waccan likita ya ce idon Inna sai an yi aiki. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya ce a tayar da motar a sayar, ya ji akwai masu hali da ke neman irinta. Injin bai ba bakanike wuya ba. Katakon ne gara ta cinye, kuma mun nemi kafintan jikin mota mun rasa. Sai muka kai ta wurin wani tsohon masassaƙin jirgi, aminin Kaka.

Kai, da ka ga aiki! Katakon maɗaci ya sa, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ranar da muka fito da ita 'yan kabu-kabu suka rako mu da hon har ƙofar gida, mata suna guɗa.

Sai dai tsohon ya yi aikin yadda ya saba. Ya tarar da ƙananan huda huɗu a ƙasan motar, inda ruwa ke tsiyayewa, ya cusa musu auduga ya shafe da kwalta. A wurinsa huda a ƙasa ajali ce. Da aka yi ruwan sama, ruwan ya shigo ta taga ya tsaya har idon sawu, sai da muka kwashe da ƙoƙo. Na ce a buɗe su, Baffa ya ce ba shi zai kwance aikin dattijo ba.

Bayan damina wani alhaji ya zo daga Kaduna. Baffa ya ja ni gefe.

"Kai dai yi kurum. Rani muke ciki, wa za shi sani?"

Ga idon Inna, ga kuma abin da malam ya koya mana, cewa cinikin da aka ɓoye aibi ba shi da albarka. Alhaji ya zagaya motar sau uku yana kabbara, ya yi tayi. Baffa ya buɗe baki zai sallama, sai na riga shi.

"Alhaji, a gafarce ni. Motar nan tana riƙe ruwa."

Baffa ya taka mini ƙafa. Alhaji ya durƙusa ya leƙa, ya tambayi wanda ya yi aikin. Da na faɗa masa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ashe jirgi na zo saye!"

"Jirgi da mota, Alhaji," in ji Baffa, "kuɗin guda."

Bai rage komai ba, ya kuma ce kada kowa ya taɓa kwaltar.

Yanzu tsohon masassaƙin ya ajiye gizago, 'ya'yansa duk babur suke ja, kifin ma a kan babur yake zuwa kasuwa. An yi wa Inna aiki lafiya. Da aka kwance mata ido, abin da ta fara tambaya shi ne motar, alhali motar tana Kaduna. Na nuna mata hoto a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kakanku dai bai taɓa wanke ta haka ba."