Kaskon Gwaggo da Kujerar Amarya

Har gobe ban manta da wata Alhamis ba, daminar bara, da Alhaji Sani ya kira ni daga shagona na gyaran kushin a Gusau. An ɗauko kujerun auren 'yarsa a buɗaɗɗiyar mota zuwa Bungudu wurin jere, aka ratsa inda ake gyaran titi, kwalta ta fantsama wa babbar kujerar. Ga shi washegari za a kai amarya, dangin ango kuma za su zo ganin ɗaki.

Ku da kuke koyon aikin nan, kwalta ba a dirje ta. Na sa ƙanƙara ta daskare, na kankare da bakin cokali, na riƙa dangwala kananzir da farin ƙyalle, sannan na bi da ruwan sabulu. Kafin la'asar kujera ta dawo fes. Na ce, "Alhaji, soso ya sha kananzir. A bar ta a waje ta sha iska har gobe, kar wuta ta kusance ta." Ya ce, "Tau, Malam, an gama." Ashe maganar a zaure ta tsaya, don maza ba sa shiga wurin jere.

Ina ɗaure kayana a babur sai na ji salati daga cikin gida. Na faɗa ba sallama. Innalillahi! Kujerar tana tsakiyar ɗakin amarya, wuta na ci bal-bal. Mata sun shigar da ita, Gwaggo Hajara, ƙanwar Alhaji, ta ji wari, ta tura kaskon turaren wuta ƙarƙashinta. Muka ja kujerar waje, muka danne da jiƙaƙƙen bargo, amma sai katako da waya suka rage.

Gwaggo ta zauna dirshan a ƙasa tana kuka. "Ni mi na sani? Ɗiyata za ta shiga ɗaki yana warin kananzir?" Alhaji ya kasa ɗaga kai.

Da ƙananan kujeru biyu aka kai amarya, aka shimfiɗa darduma a gurbin babbar. Abin da na koya shi ne, maigida ke kiranmu, amma mata ke da ɗakin. Shi ya sa yanzu duk gidan da na taɓa kananzir, ba na tafiya sai an kira mini mai riƙe da kasko na faɗa mata da bakina.