Guɗar Dorkas a Zauren Kiɗa

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Al Muntazah ta birnin Doha wajejen 2013 zuwa 2018 ya san Dorkas, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba, domin muryarta kan riga ta isa ko'ina. 'Yar Kagoro ce, nas a sashen haihuwa na wani asibiti a Doha. Tun tana budurwa ita ake aika wa a garinsu ta zo ta yi guɗa in ana biki, kuma shekara goma sha ɗaya ta yi tana karɓar haihuwa a Kafanchan kafin aikin Qatar ya samu. Mijinta Reuben injina yake gyarawa a bayan gari, sai ƙarshen mako yake dawowa. Shi kuwa in ka ji ya jera magana uku, to wani abu ya faru.

'Yarsu ɗaya ce, Tracy, kuma a kanta Dorkas ba ta san wasa ba. Ita da ta yi karatunta babu mai tambayarta abin da aka koya mata, ta ci alwashin 'yarta ba za ta yi irin wannan maraicin ba. Ba taron iyaye da ke wuce ta. Malamai in sun hango ɗaurin ɗankwalinta daga bakin ƙofa sai kowa ya gyara zama.

Tracy na shekara goma ta dawo daga makaranta ta ce tana son koyon gogen Turawa. Dorkas ta saki ludayin da ke hannunta.

"Goge? Na ɗauko ki tun daga Kafanchan, na sa ki a jirgi, don ki zama 'yar goge?"

Yarinya ta yi ta kuka kwana uku. A na huɗu Dorkas ta ce khalas, wato shi ke nan, in dai za a yi, to a yi shi da kyau, ba ta son abin kunya. Ta binciko wata tsohuwa 'yar Armeniya, Madam Anahit, mai koyarwa a wani ɗan gida a unguwar Bin Omran, ta kai mata yarinya da hannunta.

Nan mamaki ya fara. Mako shida cur tsohuwar nan ba ta bar Tracy ta kaɗa ko waƙa ɗaya ba, sai dai ta ja sandar goge a kan tsirkiya guda, ta tafi, ta dawo. Dorkas, wadda a zumuntar mata ake koyon sabuwar waƙa yau a rera ta gobe a coci, ta kasa gane kan wannan koyarwa. Ta tambayi Madam ko yarinyar ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ta ce a'a, wanda ba shi da ita ma ba ta ɓata lokacinta a kansa. Dorkas ta fito tana gunaguni, amma ba ta fasa ba. Shekara huɗu tana musayar duti da abokan aiki don ta kai Tracy darasi, kuma ta kafa doka a gida: kullum awa ɗaya da rabi a ɗaki da goge, ko da an yi baƙi.

A 2017 abin da ake jira ya zo. Ƙungiyar matasa makaɗa ta birnin za ta ɗauki masu goge biyu, yara goma sha huɗu ke nema, kuma a bainar jama'a za su kaɗa, alƙalai uku na zaune. Wata takwas Tracy ta yi tana gyaran kiɗa ɗaya tak saboda wannan rana. Ba ta da wani zance sai kujerar nan.

Ran Asabar da la'asar Dorkas ta ci ado, ta kafa ɗauri, ta ja Reuben suka shiga zauren. Shi ne karo na farko da ta taɓa shiga irin wannan wuri. An ba ta wata takarda a ƙofa, ta mai da ita mafici. Ta duba hagu ta duba dama: mutane sun fi ɗari biyu, amma tsit kamar ruwa ya ci su.

"Baban Tracy, an yi mutuwa ne?" ta tambaya. Reuben ya girgiza kai.

Yara suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya yi kiɗa har gumi ya jiƙa masa riga, babu mai cewa madalla, babu mai ko gyaɗa kai, sai a ƙarshe a ɗan tafa masa kamar ana kakkaɓe gari daga hannu. Abin ya ba Dorkas haushi ƙwarai. Ta ce a ranta su dai 'ya'yan nan ba su yi dacen iyaye ba, amma tata ba za ta sauka haka ba.

Tracy ce ta tara. Ta tsaya kusa da mai fiyano, ta ɗora goge a kafaɗa, ta fara. Dorkas ta saki baki. Ashe wannan ƙiƙi-ƙaƙan da take ji ta bango shi ne wannan? Sauti ya cika zaure, ya hau, ya ƙara hawa, tsigar jikinta ta tashi, hawaye ya zubo mata ba ta sani ba. Can kiɗa ya kai ƙololuwa, sai goge da fiyano suka ɗauke lokaci ɗaya, ɗif.

Dorkas ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Ba ƙarama ba, irin ta bikin 'yar fari, har sau uku.

Sai da ta sauke numfashi ta lura ita kaɗai ce a tsaye, babu wanda ya tafa, kuma kawuna ɗari biyu sun juyo gare ta. A kan dandamali Tracy na nan da sandar goge a sama, ba ta sauke ba. Ashe kiɗan bai ƙare ba. Dorkas ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana kallo 'yarta ta koma kan tsirkiya a inda ba nan ba ne, ta tsaya, ta sake komawa, mai fiyano na lallaɓa ta har suka kai ƙarshe da ƙyar.

Bayan rabin awa aka liƙa sunaye biyu a ƙofa. Babu Tracy.

Dorkas ta kutsa cikin mutane ta tari Madam Anahit. "Madam, laifina ne, ba na yarinya ba. Ki kai ni wajen alƙalan in durƙusa musu." Tsohuwa ta ce ba a yin haka, sai dai baɗi. Ta bayyana mata cewa a daidai gaɓar da ta yi guɗar, mai kiɗa zai yi shiru ya ƙirga takwas a ransa, sannan ya dawo shi kaɗai a hankali, kuma wannan shirun shi ne mafi wuya a kiɗan gaba ɗaya.

"Da shirun ya zauna mata, ko rufin nan ne ya faɗo za ta dawo daidai," in ji ta. "Yatsunta sun fi na kowa a yau. Amma kowane mako ina ce mata ta gwada shi a gida, sai ta ce ba zai yiwu ba. Ban san dalili ba."

Suka shiga mota. Tracy na baya, rungume da akwatin gogenta. Dorkas ta juya.

"Mamana, ki yi haƙuri, ban sani ba. Amma me ya hana ki gwada abin nan a gida? Wa ya hana ki?"

Tracy ta amsa tana kallon waje.

"Mama, duk lokacin da na kai wurin na yi shiru, sai ki ƙwalo daga kicin, 'Tracy, waya kika ɗauka ko? Yalla, ci gaba!' Sai in ci gaba."

"Kullum?"

"Kullum, Mama. Wata takwas. Ban taɓa ƙirgawa har takwas a gidanmu ba. Iyakata uku."

Dorkas ta riƙe baki da hannu biyu. Reuben ya ta da mota.