Malam Hamzat Tela da Keken Hawan Dutse

A cikin telolin Fagge babu wanda ya kai Malam Hamzat iya yanka wuyan kaftani, babu kuma wanda ya kai shi ƙin a ce bai iya abu ba. Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki, har furfura ta cinye masa gemu. Keken hawa kuwa bai taɓa ɗora ƙafarsa a kai ba. Yana yaro mahaifinsa ya hana shi, da ya girma kunya ta karɓi aikin mahaifin. Duk layinsu babu wanda ya san haka.

Da likita ya ce tumbin nan sai an motsa shi, maƙwabcinsa Alhaji Habibullah ya gayyace shi cikin ƙungiyarsu, masu fita bayan gari da safiyar Lahadi suna bin hanyoyin shanu da kwazazzabai a kan kekunan hawan dutse.

"Amma dai ka iya keke ko?" in ji Alhaji Habibullah.

"Ni? Ai a kan keke na tsufa," in ji Malam Hamzat.

Ƙarya dai bai yi ba. Laifin na Hausa ne, da ta ba abu biyu suna ɗaya. Sai dai maganar ta fita a gaban majalisa, kuma a Fagge abin da majalisa ta ji ya zama na kowa.

Washegari ya tsallaka Sabon Gari, shagon Celestine mai sayar da kekuna, haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi ta wasu Kanawa tsabta. Malam Hamzat ya maimaita masa zancen tsufa a kan keke. Jin haka Celestine ya ture na 'yan koyo gefe, ya sauko da manya.

"Baba, dubi ƙwarin tayar nan. Ga giya kamar ta mota, ga birki mai kamawa nan take. Wannan ƙarfen na gaba kuwa shi ke shanye gargada."

Malam Hamzat bai ko kalli tayar ba. Ya juya feda da hannu, ya kasa kunne ga sarƙa, ya tambayi ramin ɗiga mai. Daga nan ya bi sirdunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa ɗinkinsu da babban yatsa.

"Wanda ya ɗinka wannan a mai da shi koyo. Wannan zarensa zai saki kafin damina. Yawwa, ga shi. Wannan nake so, ɗinkinsa a miƙe yake."

"Baba, sirdi za ka saya ko keke?"

"Kai dai ba ni."

"To, hau ka ɗana mu gani."

Babu hanyar zillewa. Ya tattare kaftani, ya yi bisimilla, ya hau. Ƙafafunsa suka yi abin da suka sani: suka danna gaba, suka dawo baya, suka sake dannawa. Keke ya rasa abin da ake nufi da shi, ya yi tangaɗi, ya kai shi cikin tulin tsofaffin tayoyi.

Celestine ya ɗago shi, ya tsinto masa hula, ya tambaya cikin ladabi: "Baba, wane irin keke ne ka tsufa a kansa?"

"Mai allura."

Sai da Celestine ya jingina da bango don dariya. Malam Hamzat ya jira shi ya gama, sannan ya ce, "Oga Celestine, in labarin nan ya shiga Fagge, sai dai in kwashe almakashina in bar garin."

Suka yi shiri. Keke ya zauna a shago da sunan ana jiran wani ƙarfe daga Legas. Da yamma kuwa, a wani fili bayan tashar jirgin ƙasa, Celestine yana riƙe da sirdi yana gudu yana haki, yana ta "Zagaye, Baba, zagaye! Ba riga kake ɗinkawa ba!"

Yanzu Malam Hamzat yana fita da ƙungiya, kuma hawan tudu ba ya ba shi wahala, domin ƙwaurin tela ba na wasa ba ne. Sauka ce har yau ta gagare shi. A daji yakan nufi bishiya ya rungume ta. A ƙofar shagonsa na ɗinki kuwa ya jera buhunan guntayen yadi, a kansu yake kifewa, ya tashi ya karkaɗe kaftani. Ya shaida wa majalisa cewa haka ƙwararru ke sauka don kada birki ya cinye. Alhaji Habibullah ya riga ya roƙi buhu biyu.