Mai Nono

Mahaifina mai gyaran famfo ne, ko da yake yanzu shekaru sun ajiye shi a gida. Abin dariyar, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai wa gidajen mutane ruwa, famfon gidansa sai ya ga dama yake kawowa. Wata rana ya yi tari, ya tofo abin da bai cika bokiti ba, ya yi shiru sai kuma wani makon.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu ne Baba ya kama shuke-shuke. Akwai ɗan fili tsakanin ɗakinsa da katanga, nan ya mayar lambu. Ni da 'yata muna zaune tare da shi, don mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Ina ɗinki a ɗakin da tagarsa ke kallon filin, saboda haka duk wahalar da Baba ya sha a kan idona ya sha ta.

Da farko fulawowi masu laushin ganye ya riƙa sayowa, irin waɗanda ake gani a ƙofar manyan gidaje. Ruwan wanke-wanke, ruwan ɗaurayar kaya, babu wanda ake zubarwa, duk nasu ne. Amma da zafi ya kankama sai su langaɓe, su bushe ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya tuge ta ƙarshe ya tsaya a bakin tagata, hannu duk ƙasa.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "na gaji da ragwayen fulawa. Daga yau wadda za ta zauna a gidan nan sai mai haƙuri irin na masu gidan."

Baba idan ya sa abu a gaba, sai ya ga bayansa. Ya riƙa zuwa wurin wani mai sayar da dashe a bakin titi, ya tsuguna cikin ledoji yana dubawa kamar mai zaɓen suruka. Yana son mai kaurin ganye, ko mai ƙananan ganyaye masu sheƙi. Yana tambaya ko tana shekara da shekaru, ko kuwa irin mai mutuwa bayan damina ce. Haka ya kawo lalle, da zogale, da alobera, da ciyawar shayi. Sannan yana da wata dabara tasa da ba wanda ya koya masa: ya tsinki kan ganye ya duba. Idan farin ruwa ya fito, sai fuskarsa ta washe.

"Wannan tana da nono. Mai nono ba ta jin ƙishirwa, guzurinta a jikinta yake."

Ta haka ya samo wadda ya fi so. Siraran ganye gare ta, da fure rawaya mai kama da ƙaramar ƙararrawa. Mai dashen ya faɗa masa sunanta da Turanci, kafin ya iso gida sunan ya zube a hanya, sai kawai ya raɗa mata Mai Nono. Ya ce mutumin ya gargaɗe shi da a kiyaye awaki da ita, shi kuwa ya amsa masa da cewa ko kaza ba mu da ita. Muka yi dariya ni da shi. Ya dasa ta a jikin katanga, ta kama, ta yi tsawo ta wuce kansa, tana fure a tsakiyar zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

'Yata kuwa Aku muke ce mata, don duk abin da ta ji sai ta maimaita. A lokacin ban daɗe da yaye ta ba, kuma ba ta yafe mini ba. Ta ga kofi ta ce nono, ta ga farar leda ta ce nono. Kullum da safe Baba yakan saɓa ta a kafaɗa ya zagaya da ita lambun yana gabatar mata da mutanensa. Wannan lalle, ta ce lalle. Wannan zogale, ta ce gale. Wannan Mai Nono. Har yakan tsinki ganye ya nuna mata farin ruwan yana ɗiga. Ina ji daga kan keken ɗinki, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, Baba ya ɗan kishingiɗa, ni kuma ina fama da wuyan wata riga. Shirun ne ya fara damuna, don Aku ba ta shiru sai barci. Na leƙa ta taga ban gan ta ba. Na fito ina kira, sai na hango ƙafafunta a bayan shukar nan. Tana zaune a ƙasa, ta kakkarya ƙananan rassa ta tara a cinya, ɗaya na bakinta. Farin ruwa ya bushe mata a haɓa da yatsu.

Ta ɗago ta yamutsa fuska ta ce, "Nono ɗaci."

Na ɗauke ta ina goge mata baki ina faɗa, a zatona ƙazanta ce kawai. Baba ya fito jin muryata. Ya dubi rassan, ya dubi bakinta.

"Awaki," ya ce a hankali. "Ya ce a kiyaye awaki."

Ban san lokacin da na kai bakin titi da ita ba, ba takalmi, Baba na biye da ni. A cikin motar haya ta fara amai, jikinta ya saki, kanta na lilo a hannuna. Ina kiran sunanta, tana buɗe ido da ƙyar tana mayarwa. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba.

A asibiti wata likita ta karɓe ta, ta tambaye ni me ta sha. Na ce ruwan wata shuka. Ta ce wace shuka?

Baba ya ce, "Mai Nono."

"Baba, sunanta na gaskiya nake tambaya."

Dattijon da ya san sunan kowane ƙarfe a cikin injin ruwa ya tsaya kamar yaron da aka tsayar a gaban allo. Sai ya juya ya fita da gudu. Bai daɗe ba ya dawo yana haki, da reshe guda a hannu, har da furensa. Likitar ta duba, ta kira wata ma'aikaciya da sauri, ta ce masa ya je ya wanke hannunsa da sabulu yanzu-yanzu. Ni kuma ta ce mini wannan shukar zuciya take taɓawa, za su yi iya ƙoƙarinsu, in yi ta addu'a.

Suka manna mata wayoyi a ƙirji, suka sa mata ruwa a hannu. Wata na'ura a gefen gado tana ƙara duk bugun zuciya. Na zauna ina sauraro. Wani lokaci sai ƙarar ta yi jinkiri, tsakanin bugu da bugu ya yi nisa, ni ma numfashina ya tsaya har sai na ji na gaba. Baba ya ƙi shigowa ɗakin. Yana kan benci a waje, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu. Duk fitowar da zan yi sai ya miƙe ya dubi fuskata, ba ya tambaya. Ni ma ban iya ce masa komai ba, ina tsoron abin da zai fito daga bakina.

Allah ya sa da sauran kwananta. Bayan 'yan kwanaki bugun ya daidaita, ta farka ta nemi ruwa, ta kwaikwayi ƙarar na'urar har ma'aikaciyar ta yi dariya. Aka sallame mu.

Kafin mu dawo Baba ya sare Mai Nono. Likita ta hana shi ƙonawa, ta ce hayaƙin ma guba ne, sai ya cusa rassan a buhu ya bai wa motar shara. Ya haƙa ya ciro kututturen, amma saiwar ta riga ta shige ƙarƙashin katanga, inda diga ba ta kaiwa. Ya mayar da ƙasa ya daddanne, ya ce rashin ruwa zai ƙarasa ta.

Ba a yi nisa ba, wata safiya na ji ya kira ni da wata irin murya. A gindin katangar, cikin busasshiyar ƙasar da ko ɗigo ba a zuba mata ba, wani ɗan kore ya leƙo, sirirai, mai sheƙi. Ya tuge shi. Ya zuba tafasasshen ruwa a wurin. Ya aza dutse. Ta ɓullo ta gefen dutsen. 'Ya'yan da ta zubar a baya su ma suka fara tsirowa nan da can, har cikin ciyawar shayi.

"Uwata, ni na zaɓe ta," ya ce mini, idonsa ya kawo ruwa. "Wadda ba ta mutuwa na nema, na kuma samu."

Yanzu kullum kafin Aku ta tashi Baba yana lambu. Yakan sa leda a hannu, ya bi gindin katanga a durƙushe, yana ɗaga ganyen kowace shuka yana leƙawa. Ƙofar ɗakinmu a kulle take har sai ya ƙwanƙwasa ya ce a buɗe mata. Wani lokaci ya ƙwanƙwasa, ina cikin zare sakata, sai in ji ya ce, "Dakata tukuna, bari in sake dubawa."