Malam Isiyaku, Wanda Ya Raba Kailani Da Turmin Uwarsa

Da an idar da sallar asuba a Tudun Wada, kafin masu koko su gama damawa, za ka ji ƙarar usur. Malam Isiyaku ke nan, malamin motsa jiki na makarantarmu, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da ɗan ɗingishi da murya mai tada unguwa. Samari na biye da shi suna haki, sun nufi Tudun Jukun ta cikin gonaki. Mu malaman aji muna yi masa tsiya, shi kuwa sai ya ɗaga mana hannu ya wuce. Bana zai yi ritaya, ni kuma wallahi ba zan yarda ya tafi shiru ba.

Tsarinsa ba shi da wuya: ranar ƙarfe daban, ranar ƙafa daban. Ƙarfen ma gwangwanaye ne da ya cika da siminti ya soke da sanda. Yau a ɗaga kaɗan-kaɗan, gobe a shiga daji da gudu, Juma'a kowa ya huta. Idan tsere ya matso sai ya kulle gwangwanayen a ɗaki ya jefa makulli a aljihu.

Kailani ne ya ƙara masa furfura. Ɗan Nagoda maƙeri ne, ƙato, ya tashi yana kokawa a dandali, sai son tseren ratsa daji ya kama shi. A ganinsa ƙarfi shi ne komai. Fitarsa ta farko ya wuce kowa fuu, amma ko rafi bai kai ba ƙafa ta ƙi, sai a kan jakin mai itace aka kawo shi gida, yara na bi suna tafi. Nagoda ya ji kunya ƙwarai. Ya ce idan yaron bai gama tseren ƙarshen shekara da ƙafarsa ba, to shi da gudu har abada.

Malam ya sa shi cikin tsari, amma duk ranar ƙafa sai Kailani ya zo cinyoyi a ɗaure, yana jan jiki da ƙyar. Aka rage masa gwangwani, ba canji. Da wani ne, da tuni ya sallame shi. Kai kuwa, Malam, kai ne ka sa hula ka taka har gidansu bayan la'asar, ka zauna a zaure kamar mai neman aure. Daga bayan ƙofa uwar Kailani, Gwaggo Zinariya, ta fasa ƙwai. Ashe kullum da sassafe Kailani sai ya rungumi babban turminta, ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, har gumi ya jiƙa shi, wai ƙari kan na makaranta. Ita har daɗi take ji.

Nagoda ya ce mini Malam ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Gwaggo, ki taimake ni. Turmin nan na daka ne. Ranar gudu, in ta kama ki zauna a kansa."

Ai kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Maƙwabta sun shaida, takan kifa turmin ta zauna da carbinta, ba ta tashi sai samari sun yi nisa. Kailani ya yi fushi, ya yi magiya, daga baya ya haƙura. A hankali ƙafa ta saki, numfashi ya yi tsawo.

Ranar tsere Malam bai zauna wurin manyan baƙi ba. Can ya je ya tsaya a gindin hawan da ke karya samari. Da Kailani ya iso yana tangaɗi, sai Malam ya bi gefensa yana ce masa ya rage taki, ya ɗaga kai, har suka hau. Kailani bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba, amma da ƙafarsa ya shigo fili. Ni kaina sai da na share ƙwalla. Nagoda ya ratsa mutane ya kama hannun Malam ya ce, "Na bar maka shi."

Malam Isiyaku, angon Kulu, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa. Ku kuma da kuke riƙe da 'ya'yan mutane, idan yaro ya gaza kada ku tsaya a fili kuna faɗa, ku taka zuwa gidansu ku ji dalili. Kailani yana nan yana gudu, kuma makon jiya na ji ubansa a maƙera yana gaya wa mutane wai wurinsa yaron ya gado ƙafa.